Sunan Nagoggo a Layin Farko

A shekarar 1977 na kai wa Malam Dabo, mai duba aikina a jami'a, kundin binciken kammala digirina, ina goye da ɗiyata Mairama. Tarihin burtalin shanu na rubuta, daga Kaikai zuwa Kankiya.

Ya buɗe shafin manazarta, ya tsaya a layin farko.

"Dije, wace ce kuma Nagoggo? A ina aka buga littafinta?"

"Tsohuwa ce mai tallar nono a Kaikai, Malam. Ita ta nuna mini rijiyoyin da ke kan burtalin."

"Cire ta, ki sa rahoton Di'o na zamanin Turawa. In ba haka ba, ba zan sa hannu ba, sai ki maimaita shekara."

Na san abin da hakan ke nufi. Aikin koyarwa da ke jirana a Kankiya zai wuce ni, Mairama kuma ta sake cin damina da tarinta a ɗakin hayarmu mai yoyo.

"Ranka ya daɗe, Di'on nan kwana biyu ya yi, ya rubuta rijiya huɗu. Nagoggo ta kai ni goma sha ɗaya da ƙafarta, tana riƙe mini yarinya ina auna zurfinsu."

"Jami'a fa ba ruga ba ce."

Na gyara goyona, na tura masa kundin.

"To, soke ta da hannunka, Malam, ni dai ba zan soke ba. In ka kayar da ni, baɗi ma da sunanta zan dawo."