Sarki da Tunkiya a Tsibiri

Ƙarfe huɗu na yamma za a tura sabon wasan kwamfutar ga mutum ɗari biyu da suka yi rajistar gwada shi, kuma tun safe Auta ke neman bakin da za ta ce a dakata.

Su uku ne a ofishin, ɗaki ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara. Yayanta ke rubuta wasan, abokinsa Mai Zane ke zana sojoji da duwatsu, ita kuwa aikinta ta yi ta bugawa har ta gano inda ya lalace. Wasan kafa gari ne: ka motsa mutanenka, abokin gaba ya motsa nasa, bi da bi. Kowane sabon wasa, kwamfuta ke ƙirƙiro sabuwar taswira.

A nan matsalar take. Jefi-jefi sai taswirar ta ajiye sarki a wani ɗan mitsitsin tsibiri, daga shi sai tunkiya ɗaya. Babu itace, don haka babu jirgin ruwa. Sai dai mutum ya zauna yana kallon teku.

"Yaya," ta ce a hankali, "ya sake jefa ni a tsibirin."

"Auta, ke da tsibirin nan," in ji shi, ko juyowa bai yi ba. "Ni a kwamfutata lafiya lau yake. Sau ɗari na gwada."

"Ƙila wasan ya san halinta ne," in ji Mai Zane. "Ya ga ba ta son mutane, ya ba ta wurin da babu kowa. Gaishe min da tunkiyar."

Ta yi murmushi, kunya ta kama ta. Maimakon ta koma kujerarta, sai ta tsaya bayan Yaya kamar mai shan iskar fanka. Ya buɗe sabon wasa: ga kogi ya lanƙwasa ta hagu, ga daji, ga dutse mai kai biyu. Ya gyara wani abu, ya sake buɗewa. Kogi ta hagu. Daji. Dutse mai kai biyu.

"Yaya, kogin nan naka ba ya gajiya da hagu?"

"Me?"

"Taswira ɗaya kake gani. Jiya ma ita ce."

Mai Zane ya jawo kujerarsa. Akwai lambar da kwamfuta ke tsirar da taswira daga cikinta, su kuwa iri suke ce mata. Ya kamata ta riƙa canzawa da kanta. Yaya ya buɗe fayil ɗin gwajinsa yana cewa ba zai yiwu ba, sai ga lamba mai alƙaluma shida a kafe, shi ya rubuta ta da hannunsa tun bara.

Mai Zane ya karanta a fili, ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan ai ranar haihuwar madam ɗinka ce! Malam, a nan ka ɓoye ta don kada ka manta?"

"Na ɗan lokaci na sa ta," in ji Yaya, yana sosa ƙeya.

"Shekara guda kenan kana gwada duniya ɗaya!"

Yaya ya goge lambar, ya buɗe sabon wasa. Na farko lafiya. Na biyu lafiya, har ya fara ɗaga gira. A na uku sai ga sarki tsaye a kan rairayi, ruwa ta ko'ina.

Agogon bango ya nuna uku da kwata.

"Sau nawa yake faruwa?" ya tambaya, wannan karon yana kallonta.

Auta ta miƙo littafinta. "Sha bakwai cikin ɗari. Na rubuta irin kowace."

Ya duba shafin, layi-layi da ƙananan rubutunta. Ya ɗauki waya ya rubuta wa masu gwaji cewa sai jibi, sannan ya tura mata kujerarsa da ƙafa.

"Zauna, ranki ya daɗe. Daga wacce za mu fara?"