Kafin Aikin Idon Malam Tukur

Ido ɗaya ya rage wa Malam Tukur, na dama, shi ma kullum sai ƙara dusashewa yake. Likita a Gusau ya sa ranar aiki, bai kuma ɓoye masa komai ba: ko dai a dace, ko a rasa ɗan ganin da ya saura. Shi ne fa tsohon nan ya kafe, wai kafin wuƙa ta taɓa shi sai ya sake ganin hanyar da ya yi fataucin fatu a kanta da ƙuruciya, kuma ƙafarsa ƙafar matarsa.

Inna Safiya ta yi tsalle ta dire. Ita da ba ta taɓa wuce Tsafe ba tun da aka kawo ta 'Yankuzo, wa za ta bar wa awakinta da daddawar da ta rufe? Ta yi mita har bakinta ya bushe. Amma da ɗansu Khalid, direba a tashar Gusau, ya iso da mota da hantsi, wa kuke tsammani ya riga kowa shiga? Ita ce, da ƙullin kayanta a cinya.

A Tsafe suka karya da hoce mai ɗumi. Ta ce bai kai nata ba, ta kuma cinye har da na Khalid. Daga nan kuwa bakin mita ya mutu. Damina ta zauna sosai, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, duwatsu sun hau kan juna kamar an jera tukwane. Ko a shingen sojoji wuyanta na waje.

"Malam, dubi wancan! Mi ar riƙe da shi bai hwaɗo ba?"

"Awo," in ji shi daga kujerar gaba. "Ai na sha ba ki labari, kina cewa ƙarin gishiri nika yi."

Dutsen Kwatarkwashi, wanda Malam ya fi damun ta da labarinsa, ba su gan shi ba ranar. Hadari ya rufe shi ruf, ruwa ya kece. Malam ya ce a bari sai gobe.

Khalid ya kama musu ɗaki a wani otal a Tudun Wadar Gusau. Kai, Inna Safiya ta ga abu! Ta hau bene tana salati a kowace matakala. Ta murɗa famfo ruwa ya zubo mata daga sama, ta fito da ɗankwali sharkaf tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi, sannan ta koma ta sake murɗawa. Abin da ya fi tsayar da ita madubi ne mai tsawon ƙofa. Ba ta taɓa ganin kanta tun daga ka har ƙafa ba. Ta daɗe a tsaye, ta ce ashe haka ta ranƙwafa babu wanda ya gaya mata. A gidan abinci aka kawo shinkafa da rabin kaza da cokali mai yatsu. Ta ture cokalin, ta wanke hannu, ta yayyaga wa Malam naman kamar yadda ta saba tun da idon ya fara ciwo.

Da safe suka nufi Bunguɗu. Gulbi ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da rassan itace. Ita da ruwan da ta sani bai wuce na tafki ba, sai ta ja da baya ta riƙe ƙofar mota. Malam ya tsaya yana sauraron rurin ruwan, ya ce nan ya taɓa ƙetarewa da fatu a ka, ruwa iya wuya. A karon farko ta yarda da labarin, tsoro ya kama ta a kan abin da ya wuce tun ba ta san shi ba.

Bayan azahar suka juyo, suka ratsa Gusau suka koma Kwatarkwashi. Gari ya washe. Khalid ya ajiye mota, suka bi wata 'yar turba tsakanin gonaki, Malam na dafe da kafaɗar ɗansa.

Sai ga shi. Allahu Akbar! Dutse ne ya tokare rabin sama, baƙi wuluk inda ruwan jiya ya bi, gidajen da ke gindinsa sun zama kamar akurkin kaji. Can ƙololuwa mikiya na shawagi ba ta ko kaɗa fiffike. Inna Safiya ta ɗaga kai sama. Hawaye ya zubo mata, ita kanta ba ta san na mene ne ba.

"Kin gani ko?" ta ji muryar Malam. "Dubi tsagin can na tsakiya. Dubi yadda kainai ya taɓa sama."

Ta juyo don ta ce ta gani. Malam na tsaye ya ɗaga sanda yana nuni, fuskarsa cike da murna, amma gonar gero yake nunawa. Dutsen na bayan kafaɗarsa.

Khalid ya buɗe baki, ta harare shi ya rufe. Ta matso.

"Malam, tun yaushe?"

Sandar ta sauko a hankali. Ya ce, "Tun kahin sallar layya. Haske kawai nika gani, shi ma ba kullum ba."

"Shi ne ka bari nike ta haukan dubi wanga, dubi wancan? Don Allah mi kak kawo mu yi?"

"Da na hwaɗi, da asibiti za ku wuce da ni kai tsaye, ke kuma kina can wurin awakinki. In aikin gobe bai yi ba, zama za ni yi cikin duhu har in mutu. Ina son in na ce dutsi, a samu mutum guda cikin gidan da ya san abin da nika nuhi."

Haushi da tausayi suka taru suka rufe ta. Ita da ba ta taɓa ko miƙa masa ruwa hannu da hannu a gaban 'ya'ya ba, sai ta kama kafaɗunsa biyu, a gaban Khalid, ta juya shi har ya fuskanci dutsen. Ta kama hannun da ke riƙe da sandar ta ɗaga shi sama.

"Ga tsagin naka nan. Wani icce ya tsiro cikinai."

"Icce? Da babu shi."

"To yanzu akwai. Yi shiru ka ji, ni ka gani."

Ya kasa kunne. Ta share ido da gefen mayafi, ta fara siffanta masa daga gindin dutsen.