Ginshiƙi na Uku

"Maman Nahrin, ajiye miyar nan. Sauka coci ki dubo min ginshiƙi na uku."

Kwana tara ke nan Baba Mikha, maƙwabcinmu, bai tashi daga shimfiɗa ba. Shekara hamsin yana gyaran cocin unguwarmu a tsohon garin Mosul, aikin da ya gada daga ubansa. 'Ya'yansa duk suna ƙasashen waje.

"Baba, sha ko cokali biyu ne."

"Miyarki salam, kamar wa'azin Fada Yalda. Ji nan, akwai tsaga a ginshiƙin, na manna mata farar ƙasa kafin in kwanta. In farar ƙasar na nan lafiya, gini ya tsaya. In ta dare, tafiya yake."

Na saɓa jaririyata Nahrin a kafaɗa na fita. Matakala goma sha bakwai ake sauka, don an hana kakanninmu ɗaga gini sama, sai suka haƙa ƙasa. Ciki sanyi, ga ƙamshin turare da warin danshi.

Farar ƙasar ta dare gida biyu. Daidai ƙarƙashinta kwamin baftisma yake, inda za a tsoma Nahrin ran Lahadi. Ban san lokacin da na haye matakalar ba.

Da na koma, fuskata kawai Baba Mikha ya duba.

"Farce ke shiga ko yatsa?"

"Farce."

"To, da saura. Kar ki bari su cusa siminti, cin dutsenmu yake. Daga ƙasa za a fara, inda ruwa ke..."

Tari ya sarƙe shi.

"Ƙasa ta ina, Baba? Faɗa min in rubuta."

Ya ɗaga hannu yana zane a iska: layi, lanƙwasa, wani layin. Na bi da ido, ban gane komai ba. Kafin ƙararrawar yamma ya cika.

Na gaya wa Fada Yalda, limamin cocin, maganar tsagar. Ya ce, "'Yata, shekara ɗari shida ginin nan yana tsaye. Zan rubuta wa bishop. Wa kuma zan kira? Mai sanin ginin ga shi nan kwance."

Ran Juma'a maza shida suka sauka coci da akwatin gawar Baba Mikha, suna karkata shi a ƙofa. Surukata ta yafito ni. Na sa ƙafa a matakala ta farko, na janye.

Nan na tsaya a rana, tafina rufe da kan Nahrin, waƙar jana'iza tana tasowa daga ƙarƙashin ƙafafuna.