Ƙusar Tukunyar Kashe Gobara

Takardar dokar tana manne a ƙofar siton kayan kashe gobara tun kafin in kama aiki a Birnin Kebbi, cikin 1984. Ni ne na gama sakandare, don haka ni nake karanta wa direbobi. Tukunyar kashe gobara a tsaye ake ɗora ta, a ɗaure, a bayan mota. Ba ta shiga gaba wurin direba. Kuma kowacce da ƙusarta mai zobe, wadda ke hana hannunta dannuwa.

Ƙusar nan ƙarfe ce mai kyau, ba ta tsatsa. Masunta sun gano haka. Kawuna Yari, da ke su a Zauro, ya ce in ya lanƙwasa ta ya wasa bakinta, babu giwan ruwan da zai miƙe wannan ƙugiya. Duk zuwa sai ya roƙa. Ran nan na zare biyu na ba shi, na tura tukwanen can ƙuryar sito. Na ce a raina, tukunya ai ba ta danna kanta.

Bayan kwana uku direbanmu Maigandi ya zo kai tukwane sha biyu injin casar shinkafa a Argungu. Ya girme ni da shekara ashirin, bakinsa ba ya hutawa. Bayan a-kori-kurarsa ya riga ya cika da kayan inji. Goma suka shiga. Biyun nan na ƙurya su suka fito ƙarshe.

"Miƙo su gaba, ɗan boko," in ji shi. "Su taya ni hira."

"Doka ta hana."

"Dokar ta taɓa tuƙi zuwa Argungu? Miƙo, rana na yi."

Na miƙa. Na ga wuyansu fayau, ba ƙusa. Na yi shiru.

Kafin azahar labari ya iso. Kusa da Gulma motar ta faɗa rami, tukunya ɗaya ta dannu, ya daki kwalbati. Manoman da suka ciro shi sun ce gaban motar fari fat. Garin da ke cikin tukunyar ya rufe gilashi, ya cika masa ido da baki. Rai ya riga ya yi halinsa.

Manajanmu Malami ya rubuta cewa direba ya karya doka, ya zare ƙusa da hannunsa. Na sa hannu a ƙasa. A tasha suka ƙara nasu: wai Maigandi ƙwaya yake sha, shi ya sa.

Tun daga nan nake jin huci. Siriri, kamar taya na sacewa. Sai in bi tukwanen sito ɗaya bayan ɗaya, in kanga kunne. Duk lafiya. In innata na tankaɗe, barin gidan nake yi. Sau biyu ina cikin sahun la'asar na ji an ce "ɗan boko" daidai kafaɗata. Da aka sallame, wani tsoho na gani, ban san shi ba.

Bayan sadakar arba'in na hau mota zuwa Argungu, garin Maigandi. Matarsa Laure tana takaba. Na zauna a zaure, ita tana bayan asabari, ƙafafunta kawai nake gani.

"Kalilu ne? Shina yawan zancenka. Wai kai ne mai doka."

"Ni ne, Inna."

"Babban yaron ya daina zuwa makaranta. Ɗan mai ƙwaya suke kiranai. Mutumin ga ko goro sai da sallah. Kai ka ɗora kayan. Mi ya faru?"

Na faɗa mata. Ƙusoshin, kawuna, ƙurya, hannun da na sa. Ban ɗaga kai ba.

A cikin gida wata na daka.

"Ƙugiya," ta ce. "Ta kama kifin kuwa?"

"Ban tambaya ba."

"Gafara kake so."

"Ban sani ba, Inna."

"Ni ban taɓa zarginai ba, ka kawo kaya inda ba a buƙata. Tasha tana nan bayan kasuwa. Yanzu suna zaune ƙarƙashin dalbejiya, duk abokanai. Tai ka faɗa musu. Da ƙarfi."

Ƙafafun suka janye ciki.

Na fito. Daga nesa na hango su a kan benci, su bakwai, suna shan rake. Ɗaya ya gane ni, ya matsa ya ba ni wuri.

Ban zauna ba. Na yi sallama, na fara da sunan kawuna.