Sulallan Orval Brandt

Duk garinmu babu wanda bai san aikin da Merle Dunkel ya ɗora wa kansa ba tun da ya yi ritaya daga ma'ajiyar masara. Kowace Alhamis sai ya je banki ya karɓo kwali guda na sulallan rabin dala, an naɗe su ishirin-ishirin a takarda, ya baje a teburin cin abinci, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya shiga warwara. Gefen sule kawai yake dubawa. In ya ga jan layin tagulla, na banza ne, a mayar. In gefen fari ne tas, to bugun kafin 1965 ne, azurfa ce, guda ɗaya ya fi ƙarfin dala goma. Shekara huɗu yana wannan wahala, abin da ya tara bai cika kofin shayi ba. Amma in ka ji shi yana bayani a shagon aski, sai ka rantse shi ya haƙo azurfar da farcensa.

Masu wannan farauta suna da wata ƙa'ida da suke ji da ita kamar daga sama ta sauko: duk abin da ya fito ta kantar banki halas ne. Ka ba da dala goma, an miƙo maka naɗin dala goma, abin da ke ciki rabonka ne, babu ruwanka da wanda ya kawo. Merle ya haddace ta fiye da addu'ar cin abinci.

Wata Talata da hantsi, Opal Brandt ta kira shi a waya. Cocinsu ɗaya, kuma wata biyu ke nan da binne mijinta Orval, wanda Merle na cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa. Ta ce injin ɗumama gidanta ya mutu, sanyi kuma ya kusa, ga wani akwatin ƙarfe na marigayi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa cike da sulalla, tana so ta kai banki amma ta kasa ɗagawa.

Merle ya je ya buɗe akwatin. Naɗi ne a jere, takardar ta yi rawaya don tsufa, kowanne da rubutun fensir na Orval: 1958, 1961, 1963. Ɗaya ya yage a baki, farin gefen sulallan yana leƙo shi. Abin da yake nema shekara huɗu ne, ga shi zube a gabansa kamar masara a rumbu.

Opal ta leƙo daga saman matakala, ta ce, "Akwai wani abin kirki a ciki, Merle? Kai ne masani."

Ya ce, "Rabin dala ai rabin dala ne, Opal."

Ka ji malami! Bai yi ƙarya ba, ai ka ji da kunnenka. Kuma kada ka ce me ya hana shi saye a hannunta nan take. Haba, shi Merle Dunkel, mai zagayawa da farantin baiko a coci ran Lahadi, ya cuci matar mamaci a cikin gidanta? Allah ya kiyaye. Zai dai ɗaukar mata akwati zuwa banki, taimako ke nan. Ta zuba a kan farashin da aka rubuta a jiki, zaɓinta ke nan. Shi kuma yana tsaye a bayanta, da zarar ta juya ya saye su daga kantar bankin, farauta ke nan. Taku uku tsakanin hannunta da nasa, kuma a ganinsa waɗannan taku uku sun isa su wanke komai.

Ya ɗauki Opal da akwatin a mota. A hanya ya tsaya gida ya ɗauko ambulan ɗin kuɗin da yake juyawa ran Alhamis, ya kuma tsaya a shagon burodi ya sayi kwalin fanke mai sukari.

Nan ya fara kwafsawa. Suna shiga banki ya miƙa wa ma'aikaciya fanken. Loretta Voss ce a kantar, shekara ashirin da biyu tana wurin, kuma ita ce ke ciccibo masa kwalayensa daga ɗakin ajiya kowane mako har bayanta ya fara ciwo. Ko alewa bai taɓa kawo mata ba, sai dai lacca.

Ta dubi fanken, ta dubi Merle, ta ce, "Wa ya mutu?"

"Haba Loretta, mutum ba zai yi alheri ba?"

"Mutum zai yi. Kai nake tambaya." Sannan ta saki fuska ta juya. "Sannu da zuwa, Misis Brandt. Ya ƙarin haƙuri? Me muka samu?"

Merle ya ɗora akwatin a kan kantar, ya koma bayan Opal ya tsaya, ambulan a hannu, yana kallon silin kamar mai ƙirga fitilu. Mutum uku ne a layi bayansa, har da Gus mai aski.

Loretta ta ɗauki naɗi ɗaya, ta juya shi, ta karanta rubutun fensir. Ta fasa shi da babban yatsa, ta ɗauki sule guda ta sake shi a kan kantar. Ya yi wata ƙara siririya mai daɗewa, irin ta ƙararrawar hannu.

"Merle," in ji Loretta, da murya har bakin ƙofa, "wannan wace ƙara ce? Tuna mini. Kai ne ka tsare ni rabin awa kana koya mini, ranar da nake sauri in kai uwata asibiti."

"To, sai an duba da kyau. Ban zo da tabarau ba."

"Ga shi nan yana lilo a ƙirjinka."

Gus ya yi tari irin na mai danne dariya.

Loretta ta ce, "Misis Brandt, in kin ce in karɓa, zan karɓa, in rubuta miki rabin dala kowanne. Amma da uwata ce, sai in ce ta rufe akwatin nan ta kai wa dillalin tsofaffin sulalla a babban gari. Azurfa ce zalla. Za ki sayi sabon inji, ki gyara rufi, har canji ya rage miki."

Da Merle ya yi shiru a nan, da ya tsira da sauran mutuncinsa. Da sai ya ce bai lura ba, tsufa ne, ido ne, a yi dariya a wuce. Amma ya ga ana mayar da naɗin cikin akwati, shekara huɗu ta taso masa a wuya, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Wannan ba aikinki ba ne, Loretta! Aikinki ki karɓa ki bayar. Abin da ya hau kantar nan ya zama na banki, wanda ya fara tambaya kuma shi ke da shi. Haka ƙa'ida take, kowa ya sani!"

Loretta ta sauke ido kan ambulan ɗin da ke hannunsa, kowa ya bi idonta, har Opal. Merle ya yi ƙoƙarin cusa shi a aljihu, ya ƙi shiga.

Gus ya ce, "Ninka shi biyu, malam, ya yi kauri."

Loretta ta rufe akwatin, ta turo kwalin fanken gabansa. "Tafi da abinka. Likita ya hana ni zaƙi."

Dole shi ya mayar da Opal gida, tun da shi ya kawo ta. Mil bakwai ne, kuma bai taɓa sanin suna da tsawo haka ba. Ya so ya ajiye akwatin a bayan mota, ta ce a'a, a ɗora mata a cinya. Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas ta rungume ƙarfen nan da hannu biyu, nauyinsa na danne mata ƙafa, tana kallon gonakin da aka girbe. Kunya ta cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Sau biyu yana buɗe baki zai yi mata bayanin ƙa'ida, sau biyu yana rufewa.

Da suka isa ya zagayo da sauri zai karɓa.

"Bar shi, Merle. Zan ja shi a hankali."

Ta sauke akwatin ƙasa da ƙyar, ta miƙe tana haki, ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, kuma da akwai da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Ka san maƙwabta huɗu ne suka fi ka kusa da ni, duk masu ƙarfi. Orval ne ya ce, yana kwance a asibiti, in zan taɓa akwatin nan kada in kira kowa sai kai. Ya ce Merle ya san sulalla, ba zai bari a cuce ki ba."