Ƙwacewa Aka Yi Ko Miƙawa

Tun a cikin bas Nas take nanata wa mahaifinta magana ɗaya, har matar da ke kujerar gabansu ta fara waiwayowa.

"Baba, in sun tambaye ka, ka ce ƙwacewa aka yi. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ka ji ko?"

Mai Gilashi ya kau da kai. Sunan da kowa ya san shi da shi ke nan, don shekara talatin da huɗu ya yi yana yanka gilashi yana sa wa mutane a taga. Ya zauna tsaf cikin farar rigarsa mai guga, jakar takardu a cinya, yana kallon titi da idon da yana ta fara rufewa.

"Baba, magana nake yi."

"Na ji ki, Uwata. Ai ba kurma ba ne ni."

Nas ta ja numfashi. Ita ce 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, shi ya sa ake ce mata Nas, kuma ta san wannan "na ji" ɗin tun tana yarinya. Ba ya nufin ya yarda.

Ga yadda abin yake. Shekara goma sha shida da suka wuce tsohon ya karɓi bashin banki na shekara ashirin, ya sayi gida mai ɗaki uku. Ya yi shekara goma sha biyar yana biya, ko kwana ɗaya bai taɓa makara ba. Sai ido ya fara ba shi matsala, hannu ya kama rawa, wa kuwa zai ba mai rawar hannu gilashinsa? Ana cikin haka banki ya ƙara kuɗin ruwa har sau biyu. Kuɗin wata bakwai ya taru masa. Ran nan wani ma'aikacin banki ya zo, mai ladabi kamar ya zo neman aure, har rusunawa ya yi. Ya ce hanya biyu ce: ko dai ma'aikatan kotu su zo da 'yan sanda su fito da kaya bakin titi, ko kuwa Baba ya sa hannu a wata takarda ya kai makulli da kansa, babu mai ji babu mai gani. Mai Gilashi bai shawarci kowa ba, ya sa hannu. Yau wata huɗu ke nan shi da matarsa suna kwana a falon Nas, a kan katifar da ake jingine wa bango da safe don yara su sami hanyar wucewa.

Da koke ya yi yawa a ƙasar, kwamitin majalisa mai sa ido kan bankuna ya ba da umarni: duk gidan da aka ƙwace cikin shekara biyun nan, kada a sayar da shi sai an gama bincike. Nas ta yi murna har da hawaye. Sai ga gidansu a jerin waɗanda za a yi gwanjonsu ran Litinin. Ta je banki a fusace, aka nuna mata takarda: nasu ba ƙwacewa aka yi ba, mai shi ne ya miƙa. Ta yi ta zarya majalisa tsakanin aikin asibiti har ta samu sakataren kwamitin, wani siririn mutum mai yawan tari. Shi ya ce mata in mai gidan ya tsaya gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa cewa ƙwace masa aka yi, shugabar kwamitin tana da ikon sa sunansa cikin jerin gidajen da aka hana sayarwa kafin a rufe. Gobe Juma'a za a rufe, yau kuwa Alhamis.

Ɗakin zaman sanyi ne da shi kamar ɗakin ajiye magani. 'Yan majalisa suna bayan wani dogon tebur mai lanƙwasa, kowa da makirfo da gorar ruwa a gabansa. Can gefe ga na'urorin ɗaukar hoto guda uku, ana nuna zaman kai tsaye a talabijin. Nas ta ga mahaifinta ya tsaya yana kallon na'urorin nan.

Daraktan bankin aka fara saurara. Kai, mutumin nan ya iya baki! Ya yi kusan awa guda yana magana, bai taɓa cewa "gida" ba sai "kadara", bai ce "mutane" ba sai "abokan hulɗa". Ya ce kadara tamanin da tara kacal suka karɓe ta hanyar kotu, su ma ba don sun so ba. Nas ta ji kamar ta tashi ta watsa masa ruwan gorar nan a fuska, amma ta danne.

Masu koke kuwa minti uku-uku aka ba su. Wata bazawara ta yi kuka har lokacinta ya ƙare ba ta faɗi komai ba. Sannan sakatare ya yi tari ya kira Mai Gilashi. Nas ta raka shi har kujera, ta danna masa makirfo, ta raɗa masa, "Baba, don Allah," ta koma bayansa ta zauna.

Shugabar kwamitin, dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta gaishe shi da girmamawa. Kafin ta ci gaba, wani ɗan majalisa mai ƙaton zobe ya ɗaga wata takarda.

"Baba, wannan sa hannunka ne?"

Aka kawo masa, ya kai ta kusa da ido. "Nawa ne."

"Wani ya riƙe maka hannu ka sa?"

"Babu wanda ya riƙe min hannu."

Mai zoben ya jingina da kujera yana murmushi. Shugaba ta harare shi ta saman tabarau, ta juyo. Nas ta lura matar nan so take ta taimaka, don har sassauta murya ta yi.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi maka, ka natsu kafin ka amsa. Gidan nan, ƙwace maka aka yi, ko kai ka miƙa?"

Nas ta zuba masa ido. Tana ganin ƙeyarsa, tana ganin yadda hannunsa ke rawa a kan tebur. Ta san abin da yake gani a cikin na'urorin nan: maƙwabtan da ya ce wa za su ɗan zauna wajen yarinya ne, surukansa, da duk waɗanda ya koya wa sana'a suke ce masa maigida har yau.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "ni ba a taɓa fito min da kaya titi ba. Da ƙafata na je, da hannuna na kai musu makulli."

Wayyo! Nas ta runtse ido. Ta so ta yi ihu, ta so ta kama kafaɗarsa ta girgiza, amma ko motsi ta kasa.

Shi kuwa ya ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin wani.

"Yaron bankin ya ce min in ban kai ba, za su zo da 'yan sanda. Matata tana da hawan jini. Na ce ba za ta ga tukwanenta a bakin kwata ba ina raye. Sai muka share gidan, muka wanke ko'ina. Akwai gilashin tagar kicin da ya tsage, na yanka sabo na sa, don kada su ce na bar musu ɓarna. Sau uku na yanka kafin ya yi daidai, hannun ba ya tsayawa. Na kulle, na kai. Yaron ya ce na kyauta."

Wata 'yar majalisa da tun safe ba ta ce komai ba ta jawo makirfonta, ta fuskanci darakta.

"Ka ce tamanin da tara kuka karɓe. To, irin na Baba, waɗanda suka kai da hannunsu, su nawa ne?"

Darakta ya ce sai ya duba. Ta ce ya duba, suna jira. Ya juya ya yi ƙus-ƙus da na bayansa, aka miƙo masa takarda, ya karanta ƙasa-ƙasa har sai da aka ce ya ɗaga murya.

"Ɗari shida da goma sha ɗaya."

Ɗaki ya kaure. 'Yan jarida suka shiga rubutu, mai zobe ya duƙufa kan wayarsa, shugaba ta yi ta buga tebur. Da aka lafa, ta ce wannan babbar magana ce, kwamiti ba zai bar ta ba. Sai dai umarnin da ke ƙasa bai shafi gidajen da aka miƙa ba, kuma faɗaɗa shi sai zauren majalisa gaba ɗaya. Za a kai maganar da zarar an dawo hutu, nan da mako biyar.

A baranda Nas ta tare sakatare. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Abin da ya faɗa shi na rubuta, duk ƙasa kuma ta ji. Ba ni da yadda zan yi." Ya yi tari. "Amma wallahi ya buɗe wa mutane da yawa ƙofa."

"Mu kuma Litinin fa?"

Sakatare ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ita da mahaifinta suka isa inda ake jiran bas. Rana ta take, babu inuwa sai ta wani allon talla. Nan ne abin ya ƙwace mata.

"Kalma ɗaya, Baba! Wata guda ina roƙon mutane, ina musayar aiki da abokan aikina, ina hawa benen nan kamar mai neman sadaka. Kalma ɗaya na ce ka faɗa! Kuma ai ba ƙarya ba ce. Me ake kira ƙwace in ba wannan ba? Haba, Baba!"

Tana faɗa tana kuka, mutane suna kallo, ba ta damu ba. Haushinsa take ji kamar ta mutu, tausayinsa kuma ya fi haushin ciwo.

"Na so in faɗa, Uwata," in ji shi. "Allah ya sani na so. Ta zo min har nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Sai ta ƙi fita."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta duba, mahaifiyarta ce. Ta ɗaga, muryar tsohuwar ta fito da ƙarfi har shi ma yana ji.

"An ɗauke mana wuta tun safe, ban ga komai ba. Ya ake ciki? In fara ɗaure kaya?"

Mai Gilashi ya miƙo hannu.

"Kawo. Ni ya kamata in faɗa mata."

Ya kara wayar a kunne da hannu biyu don kada ta faɗi. Tsohuwar tana ta kiran "Malam? Malam, kana ji na?"

"Ina jin ki," in ji shi. "Ki bar kayan nan yadda suke. An ƙwace mana gidan."