Awon Tela a Ɗakin Yara

Tela ya tare nas tun kafin ta rataye ledar maganin.

"Dakata, 'yata. Wannan ɗan mitsitsin za ku sa mata?"

Jikarsa, wadda yake tsokana da Amarya, tana kwance da ciwon daji, gashi ya zube, ƙafafu a kumbure. Shi ma ya sha irin wannan magani shekarun baya a ɗakin manya, ya kuma tashi. Da safe ya zaro tef ya auna ta a kan gado, ya tarar rabinsa ce. Rabin tsawo, rabin yadi, haka yake yanka wa yara riga tun yana saurayi. Abin da ke cikin ledar kuwa ko kusa bai kai rabin nasa ba.

"Naɗe tabarmarki," ya ce wa 'yarsa, uwar yarinyar. "Mu tafi inda ba a rowar magani."

Uwar ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Nas ta kira likita. Likitan ya jawo kujera ya zauna, bai yi musu ba.

"Baba, akwai wani sinadari a jini da ke kama maganin nan ya riƙe. Wanda ya kuɓuce masa shi ke kashe ciwo, shi ke kuma ƙona jiki in ya yi yawa. Naka jinin ya riƙe kusan duka. Nata sinadarin ya yi ƙasa, ga shaida a ƙafarta. In na ba ta rabin naka, babu mai riƙe shi. Ba za ta ɗauka ba."

Tela ya danna ƙafar da yatsa. Gurbin ya zauna, ya ƙi cikowa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Me ke ƙara sinadarin?"

"Abinci, in ta yarda ta ci. Sauran namu ne."

Ga dafaffen ƙwai a kwano tun safe, ta ƙi ko kallonsa.

"Tsoho," in ji yarinyar, murya can ƙasa, "za ka sake auna ni?"

Ya naɗe tef ɗin ya damƙa mata a hannu. Ya matsa gefe, nas ta rataye ledar. Sannan ya ɗauki kwanon, ya gutsuro ƙwan.

"Buɗe baki, Amarya. In ba ki ci ba, na fasa auren."